Gidan Haya da Rayuwar Lebura a Sabon Garin Zariya, Samaru da Hanwa, 1911 zuwa 1980

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Zazzau sun fi karkata ga abin da ke cikin ganuwa, watau sarauta da gidajenta, da malaman birni, da sana'o'in gado irin su ɗinki da rini. Littafin M. G. Smith a kan mulkin Zazzau, wanda aka buga a 1960, ya zama madogara ga kusan duk wanda ya biyo baya, kuma ya cancanci haka. Amma akwai wata Zariya ta biyu wadda ta tsiro a bayan ganuwa tun daga 1911, wadda ba a cika ba ta haƙƙinta ba, ko da yake a cikinta ne ɗaliban jami'a da ƙananan ma'aikatanta da yawa suke kwana suna tashi. Wannan ita ce Zariyar baƙi: Sabon Gari da unguwannin da ke kewaye da shi, da Hanwa, da Samaru.

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda baƙin da suka zo neman abinci suka zauna a waɗannan wurare, da irin ɗakunan da suka kwana a ciki, da irin aikin da suka yi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gidan haya mai ɗakuna a jere, da cunkoson da aka san shi da shi, ya samo asali ne daga tsarin da Turawan mulki suka kafa garin a kansa, tsarin da ya ɗauki ma'aikaci a matsayin baƙo, baƙo kuwa raɓa ne. Bayan Turawan sun tafi aka sake maimaita wannan tsari a Samaru da Hanwa.

Zuwan Diga

Turawa sun ci Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu Ɗansidi a 1903. Sai dai abin da ya sauya fasalin garin bai zo ba sai bayan shekara takwas, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da aka taso da ita daga Baro, a bakin kogin Kwara, ta iso Zariya a 1911, ta zarce Kano a cikin wannan shekara. Gwamnan Arewa na farkon aikin, Percy Girouard, injiniyan hanyar jirgi ne tun asali, kuma an aiko shi ne musamman domin ya ga an shimfiɗa dogo cikin sauri da araha. Arahar kuwa a wuyan talaka ta faɗa. Razdan yakan yanka wa sarki yawan mutanen da ake bukata, sarki ya yanka wa hakimai, hakimai su yanka wa dagatai, a taso manoma daga ƙauyuka su yi makonni suna haƙa da ɗaukar ƙasa a ka. Ladan da aka fi ambata shi ne nai a rana, watau kwabo tara. Michael Mason ya yi nazarin wannan aikin tilas na tsakanin 1907 da 1912, kuma shi kansa Sarki Aliyu ya bar shaida a kai cikin Waƙar Diga. Kalmar diga, wadda asalinta sunan ƙarfen haƙa ne, ta zama sunan aikin baki ɗaya.

Ba da daɗewa ba Zariya ta zama mahaɗa. Daga nan ƙaramin jirgi mai siririn dogo ya tashi zuwa ƙasar Jos inda ake haƙar kuza, ya isa can wajen 1914, ya yi ta aiki har aka rufe shi a 1957. Daga nan kuma aka ja wani reshe ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda, aka gama a 1929. Ƙungiyar Turawan auduga da aka kafa a Mancesta a 1902, wadda aka sani da BCGA, ta kafa injin gurzar auduga kusa da tasha. Kamfanonin ciniki irin su John Holt da Paterson Zochonis da kamfanin Neja, wanda ya narke cikin UAC a 1929, suka buɗe kantuna da ɗakunan ajiya. Har yau ana kiran wannan yanki PZ. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana bukatar hannaye: masu lissafi, masu gyaran inji, masu lodi, masu gadi, masu shara. Tambayar da ta fuskanci masu mulki ita ce, ina waɗannan mutane za su kwana?

Kafuwar Sabon Gari

Amsar da suka bayar ita ce a raba mutane gida-gida. Birni na 'yan ƙasa ne, ƙarƙashin sarki da alƙali. Unguwar Turawa tana can tsallaken Kubanni, kuma dokar garuruwa ta 1917, wadda Lugga ya shimfiɗa, ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninta da mazaunin baƙar fata, bisa hujjar wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'yan ƙasa ya kai wa Bature. Sai Sabon Gari, wanda aka yanka kusa da tasha a lokacin isowar jirgi, domin ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni waɗanda ba talakawan sarki ba ne. Shi wannan yana hannun wani jami'in Bature da Hausawa ke kira Joji. Daga baya aka kafa Tudun Wada tsakanin birni da Kubanni domin 'yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba. Sai wajen 1940 aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, kamar yadda aka yi a Kano.

A bakin mutane da yawa, in an ce Sabon Gari sai a ɗauka unguwar mutanen Kudu ce, masu albashi da kwat da keke. Lalle akwai su, kuma sunayen layuka irin su Layin Legas da Layin Benin suna tuna wa mai wucewa da haka. Yarabawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, su ne suka fara zuwa a matsayin akawuna da kafintoci da makanikai. Ibo sun ƙaru sosai bayan dogon Gabas daga Fatakwal ya haɗu da na Arewa a 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932. Amma dokar raba mutane ba ta taɓa aiki yadda aka rubuta ta ba. Tun farko Sabon Garin Zariya cike yake da 'yan Arewa: tsofaffin sojoji da aka sallama, da leburorin diga da ba su koma gida ba, da Nufawa, da mutanen kudancin lardin Zazzau, da fatake, da bayin da suka bar iyayengijinsu bayan sanarwar 1901 ta raunana bauta. Ga irin waɗannan na ƙarshe, Sabon Gari wuri ne da ba mai tambayar asalin mutum. Wanda ke son cikakken bayanin mulkin unguwar sai ya nemi kundin digirin da A. V. Dhliwayo ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1986, wanda ya bi tarihinta daga 1911 zuwa 1950.

Saboda haka talaucin Sabon Gari yana da hawa-hawa, kuma a hawa na can ƙasa galibi ɗan Arewa ake samu.

Gidan Haya

An yanka Sabon Gari ne da igiya da ma'auni, layuka a miƙe suna gittawa da juna, kowane fuloti ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, da siririn lungu a baya domin masu kwasar bahaya. A takarda tsari ne mai kyau, domin an ƙaddara cewa iyali guda ne zai zauna a fuloti guda. Abin da ba a ƙaddara ba shi ne, mutane za su yi ta ƙaruwa alhali iyakar unguwar tana nan inda aka kafa ta, ga dogo ta wannan gefe, ga filin da doka ta hana gini ta wancan. Tun da ba a iya faɗaɗa fili, sai aka shiga tsattsaga shi.

Siffar gidan da ta fito daga wannan matsi sananniya ce. Mai fuloti yakan ja ɗakuna layi biyu suna duban juna, da ɗan siririn soro a tsakani wanda ya taso daga ƙofar waje ya faɗa tsakar gida. A can ƙurya akwai madafi guda, da wurin wanka guda, da bahaya guda ta bokiti. Mutanen Kudu suna yi wa irin wannan gini laƙabi da Turancin kasuwa, ma'anarsa ka dube ni in dube ka. A ƙaddara fuloti guda yana da ɗaki 12, kowane ɗaki da mutum huɗu, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai mata da 'ya'ya biyu. Ke nan mutum 48 ne suke jiran bokiti guda da asuba, a filin da aka auna domin iyali ɗaya. Ɗakunan da ke bakin titi kuwa akan mayar da su shaguna, tela ko mai gyaran keke ya yi sana'a da rana, ya shimfiɗa tabarma a wurin da dare.

Ana fahimtar nauyin wannan zama ne in aka kwatanta shi da gidan Bahaushe na cikin birni. Can akwai zaure inda baƙo ke tsayawa, akwai shigifa, sa'an nan cikin gida inda mata suke, kuma duk waɗanda ke ciki dangi ne, akwai babba mai tsawatawa. A gidan haya babu zaure. Labulen ƙofa shi ne iyakar sirrin mutum. Maƙwabcin ɗaki yana iya zama mai wani harshe da wani addini, abin da wannan yake dafawa wancan ba ya ci, ranar hutun wannan ranar aikin wancan ce. Matar da ta saba da kulle sai ta ga ba ta da inda za ta yi shi, domin hanyarta ta zuwa madafi ita ce hanyar kowane ƙato zuwa wanka. Shi ya sa Bahaushen da ya sami hali yakan gwammace Tudun Wada, ko ya bar iyali a ƙauye ya zauna a matsayin gwauro. Zo mu zauna, in ji masu iya magana, zo mu saɓa: yawancin rigingimun gidan haya a kan layin ruwa ne, da sharar tsakar gida, da faɗan yara, da igiyar shanya.

Akwai kuma waɗanda ko ɗakin ba su da shi. Leburori huɗu ko biyar sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki guda, wani lokaci mai aikin dare ya kwanta a shimfiɗar mai aikin rana. Ɗan dako da ɗan ga-ruwa sukan kwana a rumfar kasuwa, ko barandar kanti, ko harabar tasha, ko zauren wani malami ɗan garinsu. Da damina ko da hunturu ne ake gane bambancin mai ɗaki da maras shi.

Batun lafiya shi ne inda cunkoso ya fi nuna illarsa. Rijiya da salga a fuloti mai faɗin ƙafa 50 ba su da inda za su guje wa juna, don haka ciwon ciki da atuni ba sa yankewa, musamman ga yara. Annobar mura ta 1918, wadda ta sauka a Legas a watan Satumba, dogo ta biyo zuwa Arewa, kuma garuruwan tasha ta fara taɓawa. Sanƙarau kuwa baƙon bazara ne, yana son ɗaki mai rufin kwano da ƙaramar taga da numfashin mutane da yawa. A shekarun 1970 likita Brian Greenwood da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi dogon bincike a kan wannan cuta a Zariya. Maganin da hukumar mulkin mallaka ta fi dogara da shi shi ne duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, in ya ga 'ya'yan sauro a kai mai gida kotu a ci shi tara. Tarar ba ta ƙara famfo ko ɗaya a layi ba.

A nan ya kamata a yi wa mai gidan haya adalci, domin shi aka fi zagi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa duk filayen Arewa a hannun Gwamna, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa izinin zama kawai yake samu na wasu shekaru, ana iya sabuntawa, ana iya ƙi. Mutumin da bai tabbata fili zai kai ga 'ya'yansa ba, da wuya ya zuba dukiyarsa a ginin ƙwarai. Abin da ya tara sai ya aika garinsu ya yi ginin da za a binne shi a ciki, nan kuwa ya ja ɗakunan laka ya rufa kwano. Sau da yawa ma shi mai gidan tsohon akawu ne ko tsohuwar 'yar kasuwa, kuɗin hayar nan shi ne fanshonsa, kuma yana zaune a ɗaya daga cikin ɗakunan yana bin layin bokiti tare da 'yan hayarsa. Wannan bai wanke waɗanda suka mallaki fuloti da yawa suna tsawwala haya ba, amma ya nuna cewa tushen abin ya wuce halin mutum ɗaya. Gwamnati da reluwe sun gina wa manyan ma'aikatansu gidaje, da wasu 'yan barikoki ga na tsakiya. Lebura kuwa aka bar shi da kasuwa.

Ba Zariya kaɗai ta ga wannan ba. Audugar da aka gurza a nan Lankasha ake kai ta, kuma a Mancesta, babban birnin masaƙun wannan yanki, Friedrich Engels ya bayyana a 1845 yadda baƙi 'yan Ailan suke cushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kusa da masana'antu. A birnin New York na Amurka, hotunan da Jacob Riis ya buga a 1890 na gidajen hayar baƙin haure sun taimaka wajen kafa dokar 1901, wadda ta tilasta taga ga kowane ɗaki da makewayi na ƙwarai a sababbin gine-gine. Bambancin shi ne, baƙon New York yana iya zama ɗan ƙasa ya jefa ƙuri'a, 'yan siyasa su ji tsoronsa. Ɗan hayar Sabon Gari a 1930 ba shi da wanda zai kayar a zaɓe.

Aiki da Albashi

Ma'aikatan bariki kashi biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Akwai masu albashin wata, watau akawu da malamin tasha da direban jirgi da ƙwararrun masu aikin hannu, waɗanda ke da hutu, wasunsu da fansho. Akwai kuma masu ladan yini, waɗanda ake rubuta sunansu kowace safiya, ranar da ba aiki ba kuɗi, ranar ciwo ma haka. Mutum yana iya shekara goma yana gyaran dogo yana nan a matsayin na wucin gadi. Tsakaninsa da Bature akwai helima, wanda ke zaɓen wanda za a ɗauka, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sau da yawa yana da nasa kaso a cikin ladan. Aikin injin auduga da lodin gyaɗa na kaka da rani ne. Da ruwa ya sauka sai a sallami mutane, 'yan ci-rani su koma gona, waɗanda ba su da gonar komawa su shiga dako ko faskare ko ga-ruwa.

Abin lura a nan shi ne yadda ake yanke ladan. An auna shi ne da cikin mutum guda, bisa zaton cewa matarsa da 'ya'yansa suna ƙauye suna ci daga rumbu, kuma in ya tsufa ko ya naƙasa can zai koma. Watau ƙauye ne yake ɗaukar nauyin renon lebura da jinyarsa da tsufansa, kamfani kuwa ya sayi ƙarfinsa na shekarun samartaka kawai. Albashin gwauro ɗakin gwauro yake iya kamawa, to amma mutane ba su daina aure ba. Ɗakin da aka gina domin mutum guda shi ya zama gidan iyali.

Duk lokacin da ƙauye ya gaza, nauyin yakan dawo gari. Yunwar 1913 zuwa 1914, da ta 1927, da ta 1942, kowacce ta koro mutane zuwa garuruwan tasha a daidai lokacin da hatsi ya yi tsada. Karyewar kasuwannin duniya daga 1929 ta sa farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas, reluwe da kamfanoni suka rage ma'aikata, haraji kuwa bai jira kowa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka dawo da aikin tilas, aka kwashi mutane daga larduna, har da na Zazzau, zuwa haƙar kuza tsakanin 1942 da 1944, kayan masarufi kuma suka yi tashin gwauron zabo. Wannan ne ya kai ga babban yajin aiki na 1945, wanda ya fara a ranar 22 ga Yuni ya ɗauki kwana 44. Ma'aikatan reluwe, ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayansa, don haka gari irin Zariya, mahaɗar dogo, ya ji shi sosai. Bukatarsu ita ce a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin tsadar rayuwa, a kuma sa ladan lebura ya kai sule biyu da sisi a rana. Kwamitin Tudor Davies da aka kafa bayan yajin ya amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa a 1946.

Mata ba su cika shiga littafin albashi ba, amma su suka riƙe cikin unguwar. Leburan da ba shi da mata ba shi da murhu, a wurin mai tuwo yake ci, sau da yawa bashi zuwa ranar biya. Masu ƙosai da alale da teba, da masu wankau, da masu dafa burkutu, duk suna rayuwa ne daga kwabon lebura. Akwai kuma gidajen mata masu zaman kansu da magajiyarsu. Da yake an hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa a Arewa amma an sassauta a unguwannin baƙi, sai Sabon Gari ya yi suna a matsayin matattarar shaye-shaye, har ake cewa bariki lahirar makwaɗaita. Marubuta waƙoƙin wa'azi na shekarun 1950, irin su Mu'azu Haɗeja a waƙoƙinsa na giya da karuwa, sun yi kakkausan suka a kan wannan rayuwa. Sukar tana da hujja, sai dai ta tsaya ne a kan halin mutane, ba ta leƙa ɗakin da suke kwana ko ladan da suke karɓa ba. Wadda ta leƙa ita ce Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aikin reluwe, mahaifiyarta Banufiya. 'Yar Sabon Gari ce ta kowace fuska, ta shugabanci matan jam'iyyar NEPU a unguwar, ta sha ɗauri sau da dama a kan yaƙi da aikin tilas da auren ƙananan yara da hana matan Arewa ƙuri'a, ta rasu a 2001.

Abin da ya hana mutane durƙushewa shi ne taimakon juna. Kowace ƙabila ta Kudu tana da ƙungiyar 'yan gari mai taron wata-wata, wadda ke karɓar sabon zuwa, ta nema masa aiki, ta yi jana'izar wanda ya mutu. Ɗan Arewa yana da mai masaukinsa da malaminsa da 'yan'uwansa na ɗariƙa. Adashi kuwa na kowa ne. Harshen da ya haɗa su duka a tsakar gida shi ne Hausa, wata irin Hausa mai sauƙin nahawu wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, wadda ake kira Barikanci. Ta wannan ƙofa ce kalmomi irin su lebura da helima da masinja da kuku da tasha da fasinja da kwangila da fansho suka shigo harshen, kuma mai nazarin aron kalmomi zai lura cewa kaso mai yawa na Turancin da Hausa ta fara ara sunayen aikin ƙarfi ne da na masu sa a yi shi.

Samaru da Hanwa

Rikicin 1966 ya girgiza Sabon Gari. Tarzomar watan Mayu, wadda ta biyo bayan doka mai lamba 34 ta Janar Ironsi, da kashe-kashen Satumba da Oktoba, sun hallaka mutanen Gabas da yawa, waɗanda suka tsira suka bar gari. Ɗakunan da suka bari 'yan Arewa da Yarabawa suka shiga. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 Ibo da yawa sun dawo, wasu suka karɓi gidajensu, sai unguwar ta ɗauki tsofaffi da sababbi gaba ɗaya.

A wannan lokaci kuwa nauyin garin ya riga ya fara karkata zuwa hanyar Sakkwato. An kafa tashar binciken aikin gona a Samaru tun 1922, kwalejin fasaha ta biyo baya a farkon shekarun 1950, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba 1962, sai makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964. A gefen Sabon Gari ma kamfanin taba ya buɗe masana'anta a 1959. Jami'a ta gina wa manyan malamai gidaje masu lambu da ɗakin boyi a baya, daidai da fasalin unguwar Turawa. Masinja da mai shara da kuku da leburan gona kuwa, mafi yawansu sai suka tsallaka titi suka nemi ɗaki a ƙauyen Samaru. Titin nan ya yi aikin da filin yadi 440 ya yi a da, ba tare da wata doka ta ce a yi haka ba. Ginin da ya tashi a Samaru, daga baya kuma a Hayin Dogo da Palladan, shi ne dai na Sabon Gari: ɗakuna layi biyu, rijiya, makewayi guda. Da yawan ɗalibai ya fi ƙarfin ɗakunan kwanan jami'a, su ma suka shiga neman ɗakunan nan, suna takara da leburan da albashinsa bai kai kuɗin guzurin wasunsu ba. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, masu gidaje sun ji labarinsa a rediyo kamar kowa, haya ta tashi har ga wanda bai karɓi ko kwabo ba.

Hanwa ta bi wata hanya dabam ta iso wuri guda. Ita tsohon ƙauye ne na manoma da Fulani mazauna, kuma an yi sa'a akwai hotonta kafin gari ya haɗiye ta. A 1966 zuwa 1967 David Norman, na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya yi nazarin tattalin arzikin ƙauyuka uku na lardin Zazzau, watau Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, ya zaɓi Hanwa ne saboda ita ce mafi kusa da gari. Abin da ya bambanta ta da sauran biyun shi ne ƙarancin gona, da shanun da ake sayar da nononsu a gari, da yawan magidantan da ke haɗa noma da aikin lada a Zariya. Bahanwe a lokacin yana da abin da leburan Sabon Gari ba shi da shi: yana karɓar lada, amma yana kwana a gidan ubansa, yana ci daga rumbunsa.

Wannan gata bai daɗe ba. Hanwa tana tsakanin Sabon Gari da Samaru, ga mahaɗar Kwangila a gefenta, don haka da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 sai gonakinta suka zama fulotai. Gwamnati ta karɓi wasu domin gine-ginenta da rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi, masu hali suka sayi wasu, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ne a kan amfanin gona da gini, ban da ita ƙasar kanta. Manomin da ya sayar da gona yakan ja 'yan ɗakuna a gefen gidansa ya zuba 'yan haya, ya zama ƙaramin mai gida. Wanda kuɗinsa suka ƙare kafin ya yi haka, 'ya'yansa sukan tashi ba gona ba ɗaki, su shiga layin masu neman aikin yini a bakin Kwangila tare da baƙin da suka sauko daga mota. A yau Hanwa da Samaru duk gundumomi ne a cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari.